Kurkukun Kano da Masu Tsayuwa a Ƙofarsa

Gidan yarin Kurmawa, wanda aka gina a 1910 dab da fadar Sarkin Kano, ya ga sarakuna da razdanoni da gwamnonin soja sun zo sun shuɗe, amma akwai wata jama'a da ba ta taɓa yankewa daga ƙofarsa ba, wato uwaye da matan aure da ƙanne, waɗanda suke zuwa da kwanon tuwo a ɗaure cikin ƙyalle, suna jiran gandiroba ya karɓa, ya sa cokali ya tona, ya umarci mai kawowa ta ɗanɗana, kana ya shigar. A ganina tarihin kurkuku a ƙasar nan ba ya cika sai da tarihin waɗannan bayin Allah, domin tun fil azal rayuwar ɗaurarre a wuyan danginsa take rataye.

A wurin malaman fiƙihu, tsare mutum ba shi ne asalin uƙuba ba. Ana tsare wanda ya ƙi biyan bashi alhali yana da hali, ko wanda ake tuhuma har gaskiya ta bayyana, ko wanda alƙali ya ga dacewar yi masa ta'aziri. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka aka mai da shi kurkuku, kuma Alƙali Abu Yusufa, a cikin Kitabul Haraji, ya yi wa Halifa Haruna Rashidu nasiha da ya ciyar da ɗaurarru ya tufatar da su daga baitulmali, kada a bar su suna fita bara da sarƙa a ƙafa. Wannan ita ce ƙa'ida a littafi, sai dai abin da aka aikata a biranenmu ya yi nisa da ita ƙwarai.

A Kano ta ƙarni na 19, dogarai ne suke kamo mai laifi, a sa shi a mari ko a turu, kuma iyayengiji sukan kai bayin da suka gagare su Gidan Ma'ajin Watari domin a hore su. Da Turawa suka ci birnin a Fabrairun 1903, shugabansu Lugga ya rubuta wa hukumarsa a Ingila cewa ya tarar da kurkuku mai ɗakuna biyu, kowanne ƙafa 17 a tsawo da 7 a faɗi, babu taga sai wata 'yar ƙofa, ana cusa mutum 135 a ciki kowane dare, da rana a fito da su wani ɗan fili su dafa abin da za su ci. Lalle wanda ya ci gari da yaƙi yana da bukatar munana wanda ya kayar, don haka ana karanta shaidarsa da hattara. Amma ko da rabin abin da ya faɗa ne gaskiya, ya isa abin kuka. Kuma mai hankali zai tambaya, hatsin da suke dafawa daga ina yake fitowa, in ba daga hannun 'yan'uwa ko masu sadaka ba?

Mulkin Turawa ya bar kurkuku a hannun En'e, ƙarƙashin Yari, sai dai ya mai da ɗaurin wata kaza ko shekara kaza babban hukunci a madadin wasu haddodin da ya hana, ya kuma mai da fursuna ɗan ƙwadagon hukuma: shi ne mai sharar titi, mai ɗebo ruwa, mai kwashe bahaya da asuba. An yanka masa abinci, wanda har yau ake kira gabza, amma tsawon ɗauri ya jawo wa gida wata musiba sabuwa, domin gona takan kwana ba noma damina biyu ko uku, mace kuma ta rasa ko ta yi haƙuri ko ta kai ƙara gaban alƙali a kan ci da sha. A shekarun 1950, lokacin da aka riƙa ɗaure 'yan jam'iyyar NEPU, har da Hajiya Gambo Sawaba wadda aka ƙidaya mata ɗauri sau 16, gidaje masu mutunci da yawa sun san hanyar wannan ƙofa.

A 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, a 2019 kuma doka ta sake musu suna zuwa gidajen gyaran hali. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a tabbatar musu da laifi ba, kuma danginsu ne suka fi kowa shan azaba, saboda wanda aka yanke wa shekara biyar ya san ranar fitarsa, su kuwa ba su da ranar da za su ƙidaya. Sai ka ji tsohuwa tana tambayar gandiroba, “Ɗana, yaushe za a kai shi kotu? An ce takardarsa tana ma'aikatar shari'a, wa zan gani? Maganin da na kawo ran Laraba, ya isa hannunsa?” Gandiroban, wanda bai kama yaron ba kuma ba shi da ikon sakinsa, yana iya amsa mata ta ƙarshen kaɗai, sauran biyun suna hannun ɗan sanda mai gabatar da ƙara da lauyan gwamnati, waɗanda ba ta san ofishinsu ba, ba ta kuma da kuɗin motar zuwa.