Hausa a Bakin Gidajen Rediyon Ƙetare

Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga Landan, shirin minti 15 kacal. A 1963 sai ga Jamus da Sin, sannan Muryar Amurka a 1979. Ba ƙaunar harshen kaɗai ta jawo su ba. Zamanin yaƙin cacar baki ne, kowace daula tana neman kunnen talaka, kuma Hausa ce hanya mafi sauƙi daga Kano har Damagaram, har zangon Kumasi. Faransa, wadda ta daɗe tana tinƙaho da harshenta, sai 2007 ta buɗe sashen Hausa na RFI.

Shin waɗannan tashoshi zumunci suke ƙullawa, ko manufar gwamnatocinsu suke tallatawa? Mahukuntan Nijar sun ɗauki magana ta biyu: sun dakatar da RFI a Agustan 2023, BBC kuma na wata uku a Disamban 2024. A ganina hukuncin ya yi tsauri, domin Hausawa ne ke riƙe da makirufo, kuma Hausar labarai da ɗalibi ke koyo yau, yawancinta a bakinsu ta nuna.