Yadda hasken rana ke sa gansakuka fitar da iskar oksijin

Gansakuka, koren abin nan da ke kwanciya a kan ruwan kwata a Nima da Maamobi a birnin Accra, tana cikin halittun da ke samar da iskar oksijin da ɗan Adam ke shaƙa. Da rana tsaka akan ga 'yan ƙananan kumfa maƙale a jikinta. Kumfan nan oksijin ne, kuma haske ne ke fito da shi.

A cikin ƙwayoyin gansakuka akwai koren sinadari mai suna kulorofil. Idan haske ya sauka a kansa, sai ya fizge masa ƙwayar lantarki guda, wadda ake kira ilektron. Domin cike wannan gurbi, akwai wani ɗan dunƙule mai ƙwayar manganis 4 da kalsiyam 1 da ke zaro ilektron daga ruwa. Sai haske ya yi wannan fizga sau 4 kafin ƙwayar ruwa 2 su tsage, ƙwayar oksijin 1 ta fita. Ƙarfin da aka samu kuwa, da shi gansakuka ke haɗa abincinta.

A shekarar 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen suka tabbatar a Amurka cewa daga ruwa oksijin ɗin ke fitowa. A 1969 Pierre Joliot na Faransa ya riƙa haska gansakuka da gajerun walƙiya, ya ga iskar tana ƙaruwa duk bayan walƙiya 4. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga irin waɗannan halittu na teku yake.

Da dare aikin yakan tsaya, gansakuka ta koma shan iskar da ke cikin ruwa. Shi ya sa kifin tafki ya fi galabaita da asuba.

Babbar kwatar Nima tana zuba a kogin Odaw, shi kuma ya zarce tafkin Korle kafin teku. Ƙazantar da ke bin wannan hanya tana baƙanta ruwa har haske ya kasa ratsa shi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shara kuma su shanye ɗan oksijin da ya rage. Ruwan da ya kai haka, kifi ba ya zama cikinsa.