Hannun da Ake Ɗorawa Kan Mai Firgita: Daga Tokiyo Zuwa Kolofata

Wani dare cikin damina, ina gabatar da shirin da masu sauraro ke bugo waya a gidan rediyon da nake aiki a Garwa, sai wani saurayi ya shigo layi. Ɗan Kolofata ne, acaɓa yake yi, kuma ya ɗauko mahaifiyarsa ta dawo wajensa da zama. Ya ce tun da suka baro gida ba ta samun barcin kirki. Ƙyaure ya buga sai ta zabura, gabanta ya riƙa faɗuwa, zufa ta karyo mata. An sha rubutu, an yi tofi, abin ya lafa ya dawo. To ga shi ya ga wata mata a Facebook tana tallar wani magani wai shi reiki, ta ce in ya tura sefa dubu talatin za ta aiko wa tsohuwar da waraka daga inda take.

"Malam, in tura ko kada in tura?"

Na ce masa ya riƙe kuɗinsa zuwa mako mai zuwa. Wannan makon na yi shi ina bin diddigin abin, kuma abin da na samo shi ne na kawo wa mai karatu.

Sai dai kafin magani, a san ciwon. Kolofata gari ne a yankin Mayo-Sava, daf da iyakar Nijeriya, inda Barebari da Mandara da Larabawan Shuwa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya. A da, in an ambaci garin, asibitinsa ake tunawa, wanda likita Ellen Einterz ta riƙe fiye da shekara ashirin tun daga 1990. Ranar 27 ga Yuli 2014, ana shirin ƙaramar salla, 'yan Boko Haram suka afka wa garin, suka kashe mutane, suka tafi da uwargidan mataimakin firaminista Amadou Ali da lamiɗon garin, Seini Boukar Lamine. Sai a Oktoba aka sako su. A Janairun 2015 aka kai wa sansanin sojan garin hari, a Satumbar wannan shekara 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a cikinsa, a Yunin 2017 kuma suka shiga har sansanin 'yan gudun hijira. Wanda ya kwana cikin wannan, ba abin mamaki ba ne ƙarar ƙyaure ta zame masa ƙarar bindiga. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar tsananin damuwa ko fargaba.

Shi kuwa reiki daga Japan ya fito. Wani mai suna Mikao Usui, haifaffen 1865, ya hau dutsen Kurama kusa da birnin Kiyoto a 1922, ya yi kwana 21 yana azumi a kaɗaice. Da ya sauko ya ce an buɗe masa wata hanya: akwai wani ƙarfi na rai da ke gudana a cikin halitta, mai magani zai iya ɗora hannu kan majinyaci, ko ya riƙe shi sama kaɗan da jiki, ƙarfin ya bi ta hannun ya shige shi. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa ta ruguza Tokiyo da kewaye, mutum fiye da 100,000 suka halaka. Almajiransa sun rubuta a dutsen tunawa da shi cewa ya riƙa zagawa yana kula da waɗanda suka tsira. A nan na tsaya na yi tunani: ashe tun farko cikin mutanen da gari ya rushe a kansu abin ya yi suna.

Usui ya rasu a 1926. Almajirinsa Chujiro Hayashi, tsohon hafsan sojan ruwa, ya koyar da wata mata 'yar Hawayi, Hawayo Takata, ita ce ta kai shi Amurka daga 1937. Kafin rasuwarta a 1980 ta yaye malamai 22, kuma dala 10,000 take karɓa a kan babban mataki. Daga hannunsu ya bazu Turai, ya zama sana'a, yau ga shi intanet ta kawo shi cikin wayar ɗan acaɓa a Garwa.

Yana aiki? Har yau babu na'urar da ta auna wannan ƙarfi. A 1998 wata mujallar likitoci a Amurka ta buga gwajin wata yarinya 'yar shekara 11, Emily Rosa, a kan wata hanya mai kama da reiki. Ta sa masu maganin 21 su zura hannu ta bayan labule su faɗi wanne hannu nata yake kusa da shi. Cikin gwaji 280, kashi 44 cikin ɗari suka dace, wato ko canki-canka bai kai ba. A 2015 masu tace binciken lafiya na Cochrane suka duba reiki a kan fargaba da damuwa, suka ce hujjar da ke akwai ba ta isa a yanke hukunci ba. Duk da haka mutane da yawa na cewa sun ji sanyi bayan an yi musu. Ban ƙaryata su ba. Wanda aka kwantar da shi wuri shiru, wani ya zauna kusa da shi sa'a guda ba ya gaggawa, numfashinsa zai daidaita, bugun zuciyarsa ya sauka.

Wannan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san girka a gidan bori, inda ake keɓe mara lafiya kwanaki ana kula da shi. Bayan jihadi, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna tara mata suna karantar da su, ciki har da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, don su sami abin riƙo ba bori ba. Malam yana dafa kan yaro ya yi masa tofi, uwa tana shafa bayan ɗanta in ya farka a firgice. Aƙidun sun sha bamban, kuma mai imani yana da damar ya tambayi malaminsa hukuncin kowanne. Ko limaman Katolika na Amurka sun hana reiki a cibiyoyinsu a 2009. Amma a kowace hanya akwai mutum zaune kusa da mai ciwo.

Likitocin Afirka sun gane haka da wuri. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu ciwon da Shonawa ke kira yawan tunani. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi ƙwarai. Bambancin wannan da reiki shi ne an gwada, an ga sakamako.

Da mako ya zagayo, saurayin ya sake bugowa. Na ce masa: "Ɗan'uwa, abin da zai iya amfanar Inna a cikin reiki shi ne zama kusa da ita, shi ne kuma abin da mai aikowa daga nesa ba za ta ba ta ba. Ka fara kai ta asibiti, domin faɗuwar gaba da zufa na iya zama hawan jini ko ciwon zuciya. Ka gaya wa likita abin da ta gani a Kolofata, kada ka ɓoye. Addu'a kuma a ci gaba."

Bayan wata biyu ya tare ni a bakin kasuwa, ya kashe babur. An sami jininta ya hau, an ɗora ta kan magani. Kuɗin nan kuma ya yi wa ƙanwarta kuɗin mota daga Mora, yanzu ɗaki ɗaya suke kwana. Har yanzu in taya ta fashe a titi takan zabura ta kama sunan ɗanta da bai fito daga garin ba. Sai ƙanwar ta riƙe mata hannu, su yi ta hirar mutanen unguwarsu da Barbarci har barci ya ɗauke ta.