Na'urar tattaki ta ƙarƙashin tebur: asalinta, amfaninta da abin lura ga ma'aikaci a Bauchi

Na'urar tattaki ta ƙarƙashin tebur ƙaramin inji ne shimfiɗaɗɗe, mai bel da lantarki ke juyawa, wanda mutum ke takawa a kansa sannu a hankali alhali yana aiki da kwamfuta ko amsa waya. Ta bambanta da irin wadda ake gani a wuraren motsa jiki domin yawanci ba ta da mariƙi, kuma don tafiya aka ƙera ta ba gudu ba. Ana haɗa ta da tebur mai tsawo wanda ake aiki a kansa a tsaye. Manufarta ita ce rage sa'o'in da ma'aikaci ke shafewa a zaune.

Asali

Injiniyan Ingila William Cubitt ne ya ƙirƙiro wata babbar ƙafar takawa a shekarar 1818, wadda aka riƙa horar da fursunoni da ita a gidajen yari har zuwa farkon ƙarni na 20. Daga baya likitoci suka mayar da irin wannan na'ura abin gwada lafiyar zuciya, sannan ta shiga wuraren motsa jiki.

Alaƙar zama da ciwo kuwa ta fito fili ne a 1953, lokacin da Jeremy Morris ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan. Ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke yini suna hawa da sauka, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke yini a kujera. A kan wannan tafarki ne Dakta James Levine na asibitin Mayo da ke Amurka ya yayata tunanin aiki a kan na'urar tattaki, kuma a 2007 kamfanin Steelcase ya fitar da teburin da ya kira Walkstation.

Abin da bincike ya nuna

A 2007 Levine da abokin aikinsa sun gwada mutum 15 masu ƙiba. A zaune, jikin kowannensu na ƙona kimanin kalori 72 a sa'a ɗaya. Da suka koma aiki suna tafiyar da ba ta kai kilomita 2 a sa'a ba, adadin ya haura zuwa kimanin 191.

Wani binciken na Jami'ar Columbia da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa tafiyar minti 5 bayan kowane zaman minti 30 tana rage hauhawar sukari a jini bayan cin abinci, tana kuma ɗan saukar da hawan jini. Mutum 11 kacal aka gwada, don haka ana ɗaukar sakamakon a matsayin manuniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ya kuma rage zama. A 2024 hukumar ta bayyana cewa kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni. A nan ne iyakar na'urar take: tafiyar da mutum zai iya rubutu a cikinta ta yi sanyi, galibi ba ta kai matakin matsakaici ba. Tana maganin dogon zama, amma ba ta ɗauke wa mutum tafiya mai sauri da ke sa numfashi ya ƙaru.

Yanayin Bauchi

Unguwar GRA ta Bauchi, wadda asalinta mazaunin jami'an mulkin mallaka ce, ta bunƙasa bayan da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1976. A yau gidajen manyan ma'aikata, ofisoshi da otal-otal ne suka cika ta, kuma rayuwar da yawa daga mazaunanta daga mota ce zuwa kujera, daga kujera zuwa mota. Irin waɗannan ne na'urar za ta fi amfana, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi kan kai maki 40, da lokacin hunturu da ƙura ke hana masu asma fita. Haka nan matan da ke aiki daga gida za su iya motsa jiki cikin sirri.

Sai dai batun wuta ne ke yanke hukunci. Bauchi na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Jos, kuma a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Wanda zai dogara da janareta ko sola sai ya duba ƙarfin da aka rubuta a jikin na'urar tukuna. Ɗaukewar wuta ana cikin tafiya tana iya tsayar da bel ba zato, mutum ya yi tuntuɓe, hawa da saukar wuta kuma kan ƙona kayan cikinta, don haka sitabilaiza ta zama dole. Mai sayen ta hannu ya tabbatar ba ta kasuwar Amurka ba ce mai aiki da bolt 120, domin wutar Najeriya bolt 230 ce. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a ƙarƙashin bel, sai an riƙa gogewa da sa mai a kai a kai.

Yadda ake amfani da ita

Ana farawa da minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a ƙara sannu a hankali. Saurin kilomita 1.5 zuwa 3 a sa'a ya isa. Tebur ya yi daidai da gwiwar hannu, allon kwamfuta ya yi daidai da ido, a sa takalmi mai rufe ƙafa maimakon silifas. Masu babbar riga, zane ko dogon hijabi su kula kada gefen tufafi ya shiga bel, a kuma nisanta ƙananan yara da ita. Karatu, waya da taro ta intanet sun fi dacewa da tafiya. Lissafi da zane mai buƙatar nutsuwar hannu sun fi kyau a zaune.

Mai ciwon zuciya, jiri, ciwon gwiwa, mai juna biyu, da mai ciwon sukari da ƙafarsa ta fara mutuwa, su nemi shawarar likita kafin farawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana nan cikin garin.

Ga wanda ba shi da halin saye

Amfanin yana cikin tafiyar ne, ba cikin injin ba. Ma'aikacin da ya tashi ya kai fayil ofishin maƙwabcinsa da kansa maimakon aiken masinja, ya amsa waya yana zagaya harabar ofis, ya taka zuwa masallaci da azahar da la'asar, ya katse zamansa ba tare da kashe ko kwabo ba. Idan ya ƙara da tafiya mai sauri ta minti 30 a titunan GRA masu inuwa da sanyin safiya, kwana 5 a mako, ya cika minti 150 ɗin da hukumar lafiya ta ambata.