Lhasa: Daga Ƙasar Akuya Zuwa Ƙasar Alloli

A saman tudun Tibet, inda ƙasa ta ɗaga fiye da mita 3,600 bisa teku, kogin Kyichu ya ratsa wani kwari mai faɗi, a gaɓarsa ta arewa kuma birnin Lhasa yake zaune. Baƙon da ya sauka can yakan yi kwanaki yana haki kafin ƙirjinsa ya saba da ƙarancin iska. Mabiya addinin Buda na Tibet ba su da garin da ya kai wannan daraja, kuma sunan kansa ya faɗi haka. A harshensu "sa" na nufin ƙasa ko wuri, "lha" kuma abin bauta ne. Kalmar "lha" ta girmi shigar addinin Buda ƙasar, domin da ita mutanen dā ke kiran allolin duwatsu da na sama, har sarakunansu ma 'ya'yan lha ake ce musu. Da sabon addini ya zo sai ya gaji kalmar, ɗakin ibada ya zama "lhakhang", wato gidan lha.

Sai dai ba da wannan suna garin ya fara ba. Tsofaffin rubuce-rubucen Tibet suna kiransa Rasa, "ra" kuwa akuya ce. Labarin da mutanen garin ke ba 'ya'yansu shi ne, a ƙarni na 7 Sarki Songtsen Gampo ya auri gimbiya biyu, Bhrikuti daga Nepal da Wencheng daga gidan sarautar Tang na ƙasar Sin, kowacce ta zo da gunkin Buda cikin kayanta. Da aka tashi gina ɗakin ibada, sai aka zaɓi wani tafki a tsakiyar kwarin, saboda an ce ƙasar Tibet gaba ɗayanta wata aljana ce kwance rigingine, tafkin nan kuma shi ne zuciyarta, sai an danne shi za ta natsu. Awaki ne suka yi ta jigilar ƙasa a bayansu har aka cike ruwan, aka kafa ginin da ake kira Jokhang. Har yau cikakken sunan ginin da Rasa yake farawa, kuma akwai 'yar siffar akuya a jikin bango daga ciki wadda masu ziyara ke nema su gani.

Masana harshe suna da wata fassarar. Sun ce "ra" ɗin na iya zama gajarcen kalmar da ke nufin shinge ko katanga, Rasa ta zama wurin da aka kewaye, mazaunin sarki a kan tudu. Ni dai wannan ta fi kwanta mini a rai ta fuskar tarihi, don sarakunan wancan zamani mayaƙa ne da ke buƙatar mafaka. Amma labarin akuyar ya fi gaya mana yadda mutanen garin ke kallon kansu: gari ne da aka gina don gunki ɗaya, har dabbobi suka sa hannu a aikin.

Wannan gunki shi ne Jowo, siffar Buda yana ɗan shekara 12, wanda aka ce Wencheng ce ta kawo shi bayan aurenta a 641. Da farko a wani ɗakin ibada mai suna Ramoche aka ajiye shi, daga baya aka mayar da shi Jokhang, ma'anar Jokhang ɗin ma gidan Jowo ke nan. A ƙofar ginin akwai dogon dutse da aka kafa a 823, ɗauke da yarjejeniyar sulhu tsakanin Sarki Ralpachen na Tibet da daular Tang, an rubuta ta da harsunan ɓangarorin biyu. A jikin wannan dutse ne ake samun sunan Lhasa tun da wuri, kuma abin da yake nufi a lokacin shi ne ɗakin ibadar da harabarsa. Gari bai riga ya ci sunan ba.

Daga nan sunan ya riƙa faɗaɗa zobe bayan zobe, kamar yadda masu ziyara ke kewaya wurin. Akwai Nangkhor, hanyar da ta zagaye ɗakin Jowo a cikin ginin. Akwai Barkhor, mai tsawon kusan kilomita 1, wadda ta kewaye Jokhang da tsofaffin gidajen da ke manne da shi, ita ce kuma babbar kasuwar garin tun dā. Sai Lingkhor, mai kusan kilomita 8, wadda ta haɗiye tsohon garin duka. Kowa na tafiya ne ginin yana hannunsa na dama, carbi a hannu, hayaƙin itacen ƙamshi na tashi daga manyan murafu, a ciki kuma fitilun man shanun yak na ci dare da rana. Wasu daga gabashin Tibet suke tasowa, su ɗaura fata a gaba, su sa katako a tafin hannu, su miƙe a ƙasa da tsawon jikinsu, su tashi, su taka zuwa inda yatsunsu suka kai, su sake kwanciya. Haka za su yi watanni a hanya. Idan irin wannan mutum ya ce Lhasa za shi, gaban Jowo yake nufi, ba wani wuri ba.

Bayan rushewar daular Tibet, wadda ta biyo kisan Sarki Langdarma a 842, garin ya rasa mulki amma bai rasa masu ziyara ba. A 1409 malami Tsongkhapa ya kafa babban bikin addu'a na Monlam a Jokhang, almajiransa kuma suka gina manyan gidajen sufaye na Drepung a 1416 da Sera a 1419 a bayan gari. Mulki ya dawo a 1642, lokacin da jagoran Mongol, Gushri Khan, ya danƙa ƙasar a hannun shugaban addini, Dalai Lama na biyar. A 1645 aka fara gina fadar Potala a kan Jan Tudu, mai hawa 13 da ɗakuna fiye da 1,000. Abin lura shi ne, ga mutanen garin na dā, Potala da ƙauyen Shol da ke gindinta wuri ne dabam da Lhasa, akwai fili tsakaninsu. Hoton da duniya ta fi sanin garin da shi ke nan, alhali asalin mai sunan yana can gabas da shi, cikin lunguna.

A wannan zamani ne kuma Musulmi 'yan kasuwa daga Kashmir suka zauna a garin, Dalai Lama na biyar ya ba su filin masallaci da maƙabarta. Daga sunan Kashmir ne 'yan Tibet suka samo "Kache", kalmar da suke kiran Musulmi da ita. Babban masallacin garin, na Musulmin da suka zo daga Sin, an gina shi a 1716, yana nan kusa da Barkhor.

Turawa kuwa "haramtaccen birni" suka riƙa ce masa, don hukumar Tibet ta rufe musu ƙofa a ƙarni na 19, har sai da Francis Younghusband ya shiga da sojojin Ingila a 1904. Sojojin Sin suka shiga a 1951, Dalai Lama na 14 ya tsere Indiya a watan Maris na 1959, Jokhang ya sha ɓarna a hannun matasan juyin al'adu na ƙasar Sin daga 1966 kafin a gyara shi. Hukumar UNESCO ta sa Potala cikin kayan tarihin duniya a 1994, Jokhang a 2000. Jirgin ƙasa ya iso a 2006.

A takardun gwamnatin Sin, inda ake furta shi Lasa, sunan yanzu na wani yanki ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 29,000, da mutane sama da 860,000 a ƙidayar 2020. Bakano zai gane wannan, don shi ma ya san bambancin Kano ta cikin ganuwa da Kano ta jiha. Abin da ke damuna shi ne halin da tsohon garin Lhasa ke ciki. Filin da ya raba Potala da gari ya cika da benaye, babban titin da ya ratsa gaban fadar sunan Beijing yake amsawa, an rushe da yawa daga tsofaffin gidajen dutse na unguwar Barkhor, manyan tituna kuma sun datse Lingkhor a wurare da dama, ta yadda tsofaffi masu kewaye da asuba sai sun tsaya jiran motoci su wuce kafin su ci gaba da ibadarsu.