Judit Polgar da Mas'alar Hazaƙar Mata a Wasan Shaɗaranji: Nazari a Kan Tarbiyyarta da Nasarorinta

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar Judit Polgar, 'yar ƙasar Hangari, wadda masana suka yi ittifaƙi a kan cewa ba a taɓa samun macen da ta kai ta ƙwarewa a wasan shaɗaranji ba, domin a auna da'awa biyu da ake yawan kafa hujja da tarihinta a kansu. Ta farko ita ce da'awar masu cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta da ikon kaiwa ƙololuwar wannan fanni; ta biyu kuwa ita ce da'awar mahaifinta cewa gwaninta abar koyarwa ce ga kowane yaro mai lafiya. An dogara da sakamakon gasanni da jadawalin maki na hukumar wasan ta duniya. Natijar nazarin ita ce tarihinta ya rushe da'awa ta farko, ya ƙarfafa ta biyu ba tare da ya tabbatar da ita ba, ya kuma nuna cewa babban sirrin ɗaukakarta shi ne irin abokan karawar da aka zaɓa mata tun tana ƙarama.

1.0 Gabatarwa

Wasan ces, wato darar nan da Larabawa suke kira shaɗaranji, ya samo asali daga ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6, ya ratsa Farisa, ya zauna da gindinsa a Bagadaza zamanin halifofin Abbasiyawa, inda irin su al-Adli da as-Suli suka wallafa littattafai a kansa, suka kuma kasa 'yan wasa ɗabaƙa-ɗabaƙa gwargwadon ƙarfinsu, kafin ya ƙetara Turai ta hanyar Andalus da Sikiliya. A wannan zamani hukumar wasan ta duniya, wato FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a shekarar 1924, ita ce take ba da muƙamin Babban Gwani tun daga 1950, kuma tun 1970 take auna ƙarfin 'yan wasa da ma'aunin lissafi da Arpad Elo ya tsara, wanda bisa gare shi makin mutum yake hawa ko sauka gwargwadon ƙarfin wanda ya kayar ko ya kayar da shi.

Da yake wasa ne da babu ruwansa da ƙarfin damtse ko tsawon ƙafa, sai tunani da haddacewa da juriyar zama, ya kamata a ce maza da mata sun yi kunnen doki a cikinsa. Amma abin da tarihi ya nuna shi ne mata sun daɗe a baya. Vera Menchik, wadda ta riƙe kambin mata daga 1927 har rasuwarta a Landan a 1944, ta kara da manyan maza, ta kayar da wasunsu, amma ba ta kusanci kambin duniya ba, kuma sai a 1978 aka fara ba wa mace, Nona Gaprindashvili ta ƙasar Jojiya, muƙamin Babban Gwani. Daga wannan giɓi ne mutane da yawa, har da zakarun wasan, suka yanke hukunci cewa aibin yana cikin halittar mace. Wannan hukunci ne maƙalar take son ta ɗora a kan mizani.

2.0 Asali da Tarbiyya

An haifi Judit a birnin Budapest ranar 23 ga Yuli, 1976, ita ce auta a cikin 'yan mata uku, bayan Zsuzsa da Zsofia. Mahaifinsu, Laszlo Polgar, masanin ilmin tarbiyya ne wanda, bayan ya yi dogon nazari a kan tarihin fitattun mutane, ya ƙudurce cewa babu wanda ya shahara a wani fanni face an same shi ya fara da wuri, ya kuma duƙufa a kan abu guda. Saboda haka shi da matarsa Klara, wadda malamar koyar da harsuna ce, suka yi azamar jarraba wannan ra'ayi a kan 'ya'yan cikinsu. Suka hana su zuwa makaranta, suka karantar da su a gida, suka sa shaɗaranji ya zama ginshiƙin darasi na sa'o'i masu yawa kowace rana, tare da harsuna da lissafi, a cikin wani matsattsen gida da aka cika da littattafan wasan da dubban katuna masu ɗauke da wasannin magabata, aka kuma riƙa gayyato ƙwararru suna horar da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukumomin gwamnatin gurguzu ta lokacin ba su yi na'am da karatun gida ba, haka kuma hukumar shaɗaranji ta ƙasar ta yi ta sa-in-sa da mahaifin a kan wata mas'ala da ta fi wannan nauyi, wato nacewarsa cewa 'ya'yansa da maza za su kara, ba za a killace su a gasannin mata ba. Babbar 'yar ce ta fara ɗanɗana kuɗar wannan matsayi: a 1986 ta cancanci shiga zagayen neman kambin duniya na maza aka hana ta, kuma a ƙarshen wannan shekara FIDE ta ƙara wa dukan mata maki 100 a jadawali ban da ita. Hanyar da Zsuzsa ta share da wahala, ita Judit ta tarar a buɗe.

3.0 Matakan Ɗaukaka

A gasar ƙasashe ta Olimfiya da aka yi a Tasalonika ta ƙasar Girka a 1988, 'yan'uwan uku tare da Ildiko Madl suka wakilci Hangari a ɓangaren mata, suka karɓe zinare daga hannun Tarayyar Sobiyet wadda ta daɗe tana mallakarsa. Judit, tana 'yar shekara 12, ta sami maki 12.5 a wasanni 13. A jadawalin Janairu 1989 makinta ya kai 2555, ta zama ta ɗaya a matan duniya, ta 55 a tsakanin kowa da kowa, kuma ba ta sauka daga kan wannan kujera ta mata ba sai a Maris 2015, bayan shekara 26, lokacin da Hou Yifan ta ƙasar Sin ta gaje ta. Bayan sun sake cin zinare a Novi Sad a 1990, ta juya wa gasannin mata baya, kuma har ta bar wasa ba ta taɓa neman kambin duniya na mata ba, alhali kuwa babu mai shakkar cewa da ta nema da ta samu.

A Disamba 1991 ta ci gasar zakarun Hangari a tsakiyar maza, ta cika sharuɗɗan zama Babbar Gwana tana da shekara 15 da wata 4, ta haka ta goge tarihin ƙuruciya da Bobby Fischer na Amurka ya kafa tun 1958. Daga nan nasarori suka biyo juna: ta kayar da tsohon zakaran duniya Boris Spassky da maki 5.5 da 4.5 a 1993. Ta ci gasar Madrid a 1994 da maki 7 cikin 9. Ta shiga sahun goma na farko a duniya a 1996. Ta doke Anatoly Karpov da 5 da 3 a karawar wasan sauri a 1998. Ta zo ta biyu a bayan Viswanathan Anand a gasar Wijk aan Zee ta ƙasar Holan a 2003 ba tare da an kayar da ita ko sau ɗaya ba. A Yuli 2005 makinta ya kai 2735, tana ta 8 a duniya, kuma har yau ita kaɗai ce macen da ta haye 2700.

Adalcin bincike ya wajabta a ambaci inda ta gaza. A gasar kambin duniya ta mutum takwas da aka yi a San Luis ta ƙasar Ajantina a 2005, inda ta zama mace ta farko da ta kai irin wannan mataki, ita ta zo ta ƙarshe, Veselin Topalov ya ɗauki kambi. Haihuwar 'ya'yanta biyu, a 2004 da 2006, ta rage mata yawan fita gasa, makinta ya ja baya na wani lokaci. Duk da haka ta dawo ta ci tagulla a gasar zakarun Turai a 2011, ta kuma taimaki tawagar ƙasarta ta ci azurfa a Olimfiyar Tromso a 2014, kamar yadda suka yi a Bled a 2002, sannan ta sanar da ajiye wasa a watan Agusta na 2014.

4.0 Salon Wasanta

Wanda yake son ya fahimci ɗabi'arta a kan allo, ya dubi wasanta da Alexei Shirov a Buenos Aires a 1994, inda take riƙe da baƙaƙen 'ya'ya. A mataki na 10 ta miƙa soja guda kyauta domin dokinta ya sami mazauni a gidan e5, tsakiyar fage. A na 13 ta ƙara miƙa wani domin ta buɗe wa ɗayan dokin hanya. A na 16 kuwa ta jefa wannan doki na biyu cikin gidan e3, a tsakiyar rundunar abokin gaba, ta bar sarauniyarta a g5 tsirara a gaban sarauniyarsa. Da Shirov ya miƙa hannu ya ci, da dokin farko ya sauka a f3 ya rutsa sarkinsa, wanda 'ya'yansa na kansa suka toshe masa sauran mafita. Ya hango tarkon ya kauce, amma ya fita da asara, ya sallama a mataki na 29. Irin wannan farmaki, mai sayar da dukiya domin sayen lokaci, shi ne tambarinta, kuma shi kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa mace ba ta da zuciyar kai hari.

Tsakaninta da Garry Kasparov kuwa akwai tarihi mai tsawo. A Linares ta ƙasar Sifaniya a 1994, tana 'yar shekara 17, ya ajiye dokinsa a wani gida, ya sake shi na ƙiftawar ido, sannan ya mayar da shi wani gidan, abin da ƙa'ida ta haramta. Hoton bidiyo ya nuna haka daga baya, amma ba ta kai ƙara ga alƙali a lokacin ba, ya kuwa ci wasan. Shekara takwas bayan haka, a Mosko, a karawar wasan sauri tsakanin Rasha da sauran duniya a Satumba 2002, ya zaɓi kariyar Berlin, wadda Vladimir Kramnik ya yi amfani da ita ya raba shi da kambi a 2000. Ta bi shi a natse, ba gaggawa, har ya sallama a mataki na 42. Wannan ne karo na farko da mace ta kayar da na ɗaya a duniya a gasa, kuma Kasparov, wanda a da ya sha furta kalaman raini ga wasan mata, ya sauya ra'ayi a rubuce daga baya. Jimlar zakarun duniya, na da da na lokacin, da ta taɓa kayarwa a dogon wasa ko na sauri ta kai 11, har da Magnus Carlsen.

5.0 Bahasi

A ƙa'idar ilmin manɗiƙi, hukuncin da aka game kowa da shi yana rushewa da misali guda sahihi da ya saɓa masa. Don haka duk wanda ya ce mace, saboda kasancewarta mace, ba za ta shiga sahun goma na duniya ba, jadawalin 1996 ya riga ya ba shi amsa. Abin da ya rage shi ne a bayyana dalilin ƙarancin irinta, kuma a nan akwai bayani mafi kusa da hankali fiye da halitta: mata ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na masu maki a jadawalin FIDE ba, kuma sananne ne a ilmin ƙididdiga cewa taron da ya fi yawa shi ya fi fitar da zaƙaƙurai. Merim Bilalic da abokan aikinsa sun kafa wannan hujja a 2009 da alƙaluman 'yan wasan Jamus, ko da yake wasu masana sun yi musu raddi a kan gwargwadon abin da yawan ya bayyana.

Da'awar mahaifin kuwa tana da ƙarfi, ta kuma dace da abin da Anders Ericsson da abokansa suka wallafa a 1993 game da tasirin horo mai tsari. Ga shi Zsuzsa ta zama Babbar Gwana a 1991, ta ci kambin mata a 1996, Zsofia kuma ta girgiza duniya a Rum a 1989 da maki 8.5 cikin 9. Sai dai 'ya'ya uku na uwa ɗaya uba ɗaya ba su isa a gina hukunci a kan dukan 'yan Adam ba, domin ba za a iya raba abin da suka gada da abin da aka koya musu ba. Kuma bambancin matsayin da suka kai, alhali tarbiyyarsu guda ce, yana nuna cewa baiwa da himma suna da nasu kaso.

Abin da tarihin ya tabbatar ba tare da shubuha ba shi ne tasirin ma'auni. Ɗan kokawar da bai taɓa fita daga dandalin ƙauyensu ba, ƙarfinsa yakan tsaya daidai da na wanda ya fi kowa a ƙauyen. Da an auna Judit da mata kaɗai, da ta gama cin duniya tana 'yar shekara 12, babu sauran abin da zai tilasta mata ƙarin ƙoƙari; amma da aka sa mata Karpov da Kasparov a gaba, sai ta shafe shekara 16 tana hawa, daga 2555 zuwa 2735. Ita kanta ta sha bayyana cewa ƙaramin burin da iyaye da masu horarwa suke ɗora wa yara mata yana cikin manyan abubuwan da suke daƙile su.

6.0 Kammalawa

Bayan ta ajiye wasa, Judit Polgar ta shugabanci tawagar maza ta Hangari daga 2015, ta karɓi lambar girmamawa mafi daraja ta ƙasarta a wannan shekara, ta kuma mai da himmarta ga mu'assasarta, wadda tsarinta na koyar da yara tunani ta hanyar shaɗaranji ya shiga manhajar makarantun firamare na Hangari tun 2013. Wannan nazari ya nuna cewa tarihinta hujja ce yankakkiya a kan masu tauye hankalin mace, shaida ce mai ƙarfi amma ba cikakkiya ba ga masu cewa horo ne kaɗai yake yin gwani. Saboda haka kira ga iyaye da malaman tarbiyya shi ne su fara da wuri, su yi haƙurin koyarwa, kada kuma su rage wa yarinya ma'auni da sunan tausayi, domin wanda aka rage wa buri an rage masa rabo tun kafin ya fara.