Yadda Ƙungiyoyin Ƙwadago Suka Gurfanar da Shugabannin France Télécom

Tun asali, gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago a Faransa ta fi karkata ga albashi, awoyin aiki da haɗarin da ido ke gani, kamar injin da ya datse yatsa ko ƙurar da ta cinye huhu. Ciwon da aiki ke sa wa zuciya da ƙwaƙwalwa kuwa, ana ɗaukarsa matsalar mai shi. Abin da ya faru a kamfanin sadarwa na France Télécom ne ya sauya lissafin.

Kamfanin mallakar gwamnati ne, har aka fara sayar da hannun jarinsa a 1997. Zuwa 2004 gwamnati ta rasa rinjaye, ga bashi ya yi masa katutu. A 2006 shugabansa, Didier Lombard, ya ƙuduri rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku. Sai dai akasarinsu na da matsayin ma'aikatan gwamnati, doka ba ta yarda a sallame su haka siddan ba. Sai aka koma gasa musu aya a hannu don su ajiye aikin da kansu. A yi wa mutum canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa ba shiri. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran layin waya, a zaunar da shi yana amsa kiran kwastomomi. Lombard da bakinsa ya gaya wa manajoji cewa mutanen za su fita, ko ta ƙofa ko ta taga.

A 2007 ƙungiyoyi biyu, SUD-PTT da CFE-CGC, suka kafa cibiyar sa ido kan matsin lamba da canjin aiki na dole. Suka raba wa ma'aikata takardun tambayoyi, suka jawo masana, suka riƙa rubuta kowace mutuwa. Da aka jera koke-koken wuri guda, sai ta bayyana cewa tsarin kamfanin ne ke karya mutane. A 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu, Lombard kuma ya kira abin da suna yayi. A ƙarshen 2009 SUD-PTT ta shigar da ƙara.

Sai da aka shekara goma kafin a yanke hukunci. Kotu a Paris ta duba lamarin ma'aikata 39, waɗanda 19 daga cikinsu suka kashe kansu. Ranar 20 ga Disamba 2019 aka yanke wa Lombard ɗaurin shekara ɗaya, aka jingine wata takwas daga ciki, kamfanin kuma, wanda ya koma Orange tun 2013, aka ci shi tarar Yuro 75,000.

Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma hukuncin ya kafa tubali. Dokar 2002 da ta haramta musguna wa ma'aikaci yanzu tana iya hawa kan shugabannin da suka tsara manufar, ko da ba su taɓa ganin wanda ta cutar ba. A Janairun 2025 babbar kotun Faransa ta tabbatar da hakan.